Wace burauza za ka riƙe, kuma yaushe za ka bar ta ta sabunta?

Tambayoyi biyu ake cakuɗawa wuri guda idan ana maganar burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Ta farko, wacce zan ɗauka? Ta biyu, in ta ce akwai sabuwar siga, in karɓa ko in ƙyale? A kan ta farkon ake ta da jijiyar wuya, alhali ita ce mai sauƙi, domin duk wadda ka ɗauka cikin manyan kana iya sauya sheƙa gobe ba tare da ka yi asarar komai ba. Ta biyun ce ke iya jawo a kwashe maka kalmomin sirri, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wannan jagora zai bi su duka biyun, amma daga abin da ke hannunka yanzu za mu fara.

Mataki na farko: san abin da kake riƙe da shi

Kafin ka sauke wani sabon abu, gano sunan burauzarka, lambar sigarta, da tsarin da na'urarka ke aiki da shi. A kwamfuta, in Chrome ce, rubuta chrome://settings/help a wurin adireshi. In Edge ce, edge://settings/help. Da zarar shafin ya buɗe za su fara neman sabuwar siga da kansu, su sauke ta, su tsaya jiran ka sake kunna su. A Firefox, about:support zai nuna maka lambar, sannan a cikin menu akwai Help, a ƙarƙashinsa About Firefox, wanda shi ma yake dubawa ya sauke.

A wayar Android, shiga Play Store ka nemi sunan burauzar. In maɓallin ya ce Update, kana baya. In ya ce Open, ko dai ka cimma ta yanzu, ko kuma wayarka ta kai inda ba za a ƙara ba ta sabuwa ba. Za mu dawo kan wannan. A iPhone kuwa Safari ba ta da sabuntawar kanta. Tare da iOS take zuwa, don haka wanda ya ƙi sabunta wayar ya ƙi sabunta Safari ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Lambar Chrome gida huɗu ce da ɗigo a tsakani. Gidan farko shi ne babbar siga, na ƙarshe kuma ƙananan gyare-gyaren da aka yi mata. Chrome da Firefox duk sun haura siga ta 100 a shekarar 2022, saboda haka in ka ga gidan farko bai kai ɗari ba, shekaru aka yi maka nisa. In kuma ka ga Chrome ta maƙale a 109 a kan Windows 7, rubuta wannan a gefe, matsalarka ta fi ƙarfin zaɓen burauza.

Mataki na biyu: leƙa injin da ke ciki

Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke karanta shafi su zana shi a allo guda uku ne masu rai. Akwai Blink na Google, wanda ke cikin aikin Chromium, tushen da aka gina Chrome a kansa. Akwai Gecko na Mozilla, wanda Firefox ke amfani da shi. Sai WebKit na Apple, injin Safari. Opera ta ajiye nata injin a 2013 ta koma Chromium. Microsoft ma ta yi haka, ta fitar da sabuwar Edge a kan Chromium a watan Janairun 2020. Brave, Vivaldi da Samsung Internet duk daga wannan tushe suke.

Sanin wannan yana da amfani a aikace. In wani shafi ya ƙi buɗewa daidai a Chrome, gwada shi a Edge ko Brave sau da yawa ɓata lokaci ne, duk kanwar ja ce. Abin da zai nuna maka ko laifin shafin ne ko na burauza shi ne buɗe shi a Firefox ko Safari. Haka kuma in aka gano ɓaraka a Chromium, duk 'ya'yanta sun kamu. Google za ta toshe tata, sauran kuma sai sun ɗauko gyaran sun saka a nasu. Manyan suna yin haka cikin 'yan kwanaki. Wata ƙaramar burauza da mutum biyu ko uku ke kula da ita tana iya yin watanni ba ta motsa ba, ko da a fuska ta fi kowa kyau.

A iPhone, Chrome da Firefox da Edge da ka gani a App Store da WebKit suke zana shafi, saboda ƙa'idar Apple. Dokar Tarayyar Turai ta sa aka buɗe ƙofa ga wasu injina a ƙasashenta tun daga iOS 17.4 a 2024, amma ga mafi yawan masu iPhone sauya burauza sauya fuska ne da wurin ajiyar bayanai kawai.

Mataki na uku: zaɓa bisa aikinka

Chrome ta fito a 2008, kuma yau kusan biyu cikin uku na masu shiga intanet da ita suke shiga. Wannan rinjaye shi ne babban amfaninta, domin masu gina shafuka a kanta suke fara gwaji, da wuya ka ci karo da shafin banki ko na makaranta da ya ƙi ta. In rayuwarka tana cikin Gmail da Google Drive da wayar Android, ita ce hanya mafi santsi. Sai dai ka tuna da talla Google ke samun mafi yawan kuɗinta. Daga 2024 zuwa 2025 ta kashe tsohon tsarin ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, wato ƙare-ƙare (extensions), ta bar sabo mai suna Manifest V3, abin da ya sa cikakken uBlock Origin, mai toshe tallace-tallace da mutane da yawa suka dogara da shi, ya daina aiki a Chrome. Saura ƙaninsa uBlock Origin Lite, wanda bai kai shi ƙarfi ba.

Firefox, wadda sigarta ta farko ta fito a 2004, ita ce babbar burauzar da ta rage mai injin da ba na Google ba da ke aiki a Windows da Mac da Linux da Android. Cikakken uBlock Origin yana aiki a cikinta, har a wayar Android, inda Chrome ba ta karɓar irin waɗannan ƙare-ƙare ko kaɗan. Tun 2022 take killace kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza don su gane ka, na kowane shafi daban, yadda masu bibiyar sawu ba za su bi ka daga wannan shafi zuwa wancan cikin sauƙi ba. Rauninta shi ne nan da can za ka haɗu da shafin da aka gina ba a gwada shi da ita ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba: mafi yawan kuɗin Mozilla daga Google suke fitowa, ladan sanya injin bincikenta a gaba. Wannan bai hana ni ganin cewa kowa ya kamata ya ajiye Firefox a na'urarsa ba, ko a matsayin ta biyu.

Edge tana zuwa da Windows, kuma ba abin rainawa ba ce. Tana kwantar da shafukan da ka daɗe ba ka taɓa ba don su sakar wa kwamfuta RAM, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da take kai, tana karanta PDF da kyau, tana kuma karɓar ƙare-ƙaren Chrome. Abin da ke gundurar mutane shi ne yawan cusa musu Bing, injin binciken Microsoft, da Copilot, mataimakinta na ƙirƙirarriyar basira, da labaran shafin farko. Ana iya kashe mafi yawansu a saituna in an yi haƙuri.

Safari ta masu kayan Apple ce, kuma a MacBook ta fi sauran tausayin batir. Ba ta da sigar Android, ta Windows kuma an daina yin ta tun 2012. Duk shafin da ya ce ga Safari ta Windows, ko dai tsohuwar gawa yake ba ka ko tarko.

Brave tana toshe talla tun daga fitowarta ba sai ka ƙara komai ba, ko da yake tana tafe da kayan kuɗin kirifto da za ka so ka kashe in ba ruwanka da su. Vivaldi ta masu son juya komai yadda suke so ce. Tor Browser, wadda aka gina a kan Firefox, tana ɓoye inda kake ta hanyar bi da kai ta kwamfutoci uku, don haka tana da nauyin tafiya. Ta wanda ke da dalilin ɓoye sawu ce, ba ta kallon bidiyo ba.

Opera Mini sai an ɗan tsaya a kanta, domin masu tattalin data suna sonta, kuma da gaskiyarsu. Idan ka sa ta a matakin tattali mafi tsanani, wayarka ba ta zuwa shafin kai tsaye. Kwamfutocin Opera ne ke ɗauko shi, su matse shi, su aiko maka da ƙaramin kwafi. Datar da ake tsimi tana da yawa, amma ma'anar hakan ita ce abin da ka rubuta yana buɗewa a wurinsu kafin ya wuce, kuma shafuka masu motsi da yawa sukan karye. Karanta labarai da ita daidai ne. Shiga banki ko cike fom mai bayanan sirri kuma, nemi wata. Chrome ta taɓa samun irin wannan yanayin tattali a Android, ta cire shi a siga ta 100.

Waɗanda zan ce ka guje su su ne burauzojin da ba ka san mai su ba, masu alƙawarin saukar da bidiyo cikin ƙiftawar ido da VPN kyauta. Kafin ka sauke kowace, gangara ƙasan shafinta a Play Store ka ga sunan kamfanin da ranar da aka sabunta ta a ƙarshe. In an yi wata shida ba a taɓa ta ba, wuce abinka. Burauza tana ganin duk abin da ka rubuta, har kalmar sirrin asusunka.

Wata 'yar magana a gefe: tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, kada ta shiga cikin ma'aunin zaɓinka. Kowace burauza tana da ita, kuma aikinta ɗaya ne, hana na'urar ajiye tarihin abin da ka buɗe. Kamfanin da ke ba ka intanet, ofishin da kake kan layinsa, da shafin da ka ziyarta duk suna ganin ka.

Mataki na huɗu: gwada kafin ka tare

Sauke wadda ta kwanta maka daga shafin kamfaninta ko daga Play Store da App Store, ka bar tsohuwar a wurinta. Yi mako guda kana ainihin ayyukanka da sabuwar: shiga banki, taron bidiyo, ɗora takarda a shafin hukuma, buga PDF. Kada saurin ranar farko ya ruɗe ka. Sabuwar burauza ba ta da ƙare-ƙare, ba ta da tarihin shekaru, dole ta fi tsohuwarka sauƙin tashi. In kana son awo na adalci, danna Shift da Esc tare a Chrome ko Firefox, za ka ga jerin shafuka da ƙare-ƙare da abin da kowanne ke ci na RAM. Sau da yawa mutum zai tarar wani ƙari guda da ya manta ya saka shi ne ke danne masa kwamfuta, burauzar ba ta da laifi.

Mataki na biyar: kwashe kayanka

Kowace babbar burauza tana tambaya a buɗewar farko ko za ta ɗauko alamomin shafuka, tarihi da kalmomin sirri daga tsohuwar. Ka yarda. In ta wuce ka, Ctrl da Shift da O suna buɗe ma'ajiyar alamomi a Chrome da Firefox, daga nan kana iya fitar da su a fayil ɗin HTML ka shigar a sabuwar.

Kalmomin sirri su ne wurin lura. In ɗaukowar kai tsaye ta ƙi, za a ce ka fitar da su a fayil ɗin CSV. Wannan fayil a buɗe yake tsirara, duk wanda ya danna shi zai ga adireshin shafi, sunanka da kalmar sirrinka a jere. Shigar da shi nan take, goge shi, ka kuma zubar da kwandon shara. Kada ka aika wa kanka shi ta imel ko WhatsApp. Ka kuma sa ran shafuka da yawa za su ɗauke ka baƙo su nemi lambar tabbaci, don haka layin wayar da ka yi rajista da shi ya kasance kusa. Bayan haka mayar da sabuwar ta zama ita ce ke buɗe mahaɗai, wato links, a saitunan na'urar. Tsohuwar kuma, in za ka bar ta, ka riƙa buɗe ta lokaci-lokaci ta sabunta. In ba ka da buƙatarta bayan wata guda, cire ta.

Mataki na shida: fahimci abin da ke cikin sabuntawa

A nan gizo ke saƙa. Duk shafin da ka buɗe, umarnin wani baƙo ne burauzarka ke aiwatarwa a cikin na'urarka. An yi mata katanga don kada wannan umarni ya tsallaka ya taɓa fayilolinka, amma manhaja ce mai layin umarni miliyoyi, kullum ana gano kafa. Mafi yawan sabuntawa toshe irin waɗannan kafofi ne, sabon fasali kaɗan ne a ciki.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne haɗarin tsohuwar siga yana ƙaruwa ne bayan an fitar da gyara. Chromium da Firefox a buɗe rubutunsu yake, kowa na iya karantawa. Da an saka gyara, masu kutse za su kwatanta na jiya da na yau, su ga daidai inda aka ɗinke, su ƙera makamin da zai shiga ta nan ga duk wanda bai sabunta ba. Kamar a yi shela ne cewa makullin wani irin kwaɗo ya bazu, kowa ya canza nasa, kai kuma ka bar naka a ƙofa. Dalilin da ya sa Google ta koma fitar da babbar siga kowane mako huɗu a 2021 ke nan, sannan daga Chrome 116 a 2023 ta fara turo gyaran tsaro mako-mako. Firefox ma a 2020 ta koma zagayen mako huɗu.

A watan Satumban 2023 an gano ɓaraka a manhajar da ke buɗe hotuna nau'in WebP, kuma an riga an fara amfani da ita a kan mutane kafin a toshe. Ba sai ka sauke komai ko ka danna wani maɓalli ba. Hoton da aka shirya da mugun nufi ya bayyana a shafi ya isa. Chrome, Firefox, Edge da Brave duk sun fitar da gyara cikin 'yan kwanaki. Wanda ya ce shi yana da hankali, ba ya shiga shafukan banza, wannan hankalin bai kare shi daga hoton talla a shafin kirki ba.

Ban da tsaro, tsohuwar burauza tana mutuwa a tsaye. Takardun shaidar da take tantance shafuka da su suna da ranar ƙarewa. A ranar 14 ga Maris 2025 wata irin wannan takarda ta ƙare a Firefox, sai waɗanda ke ƙasa da siga ta 128 suka ga ƙare-ƙarensu sun mutu, wasu shafukan bidiyo kuma suka ƙi kunnuwa. Tsofaffin hanyoyin ɓoye saƙo, TLS 1.0 da 1.1, an yi watsi da su a 2020. Flash ma, wanda tsofaffin shafuka ke kunna bidiyo da wasanni da shi, ya tafi a ƙarshen 2020. Wanda ya daskare a wuri guda, a hankali shafuka ke rufe masa ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na bakwai: bar ta ta gama aikin

A kwamfuta, burauza tana sauke sabuntawa da kanta, amma gyaran ba ya fara aiki sai an rufe ta an sake buɗewa. Masu rufe murfin laftof su tafi, makonni ba su kashe komai ba, shafuka arba'in a jere, su ne ke yawo da tsohuwar siga alhali sabuwar tana zaune a cikin na'urar. Chrome tana nuna alama a kusurwar sama ta dama: kore in gyaran bai kai kwana biyu ba, ruwan lemo in ya kai kamar kwana huɗu, ja in ya kai mako. Kada ka bari ta kai ja. Adana duk fom ɗin da kake cikewa, sannan ka danna alamar, ko ka rubuta chrome://restart. Shafukanka za su dawo, ban da na tagar sirri. In wani ya ɓace, Ctrl da Shift da T suna dawo da shi.

A Android, mutane da yawa suna sa Play Store ya sabunta manhajoji a kan Wi-Fi kawai, ko su kashe sabuntawar gaba ɗaya saboda data. Ba laifi, amma ka ware guda biyu ka riƙa yi musu da hannu: burauzarka, da wata manhaja mai suna Android System WebView. Ita ce ke buɗe shafuka a cikin sauran manhajoji, lokacin da ka danna mahaɗi bai fitar da kai zuwa burauza ba. Ba ta da hoto a fuskar waya, shi ya sa ake mantawa da ita.

Sannan ka riƙe wannan da kyau: sabuntawar gaskiya ba ta taɓa zuwa daga cikin shafi. In kana karatu sai allo ya rufe da tambarin Chrome da rubutu cewa burauzarka ta tsufa, danna nan ka sauke, wannan damfara ce da aka daɗe ana yi, har a shafukan kirki da aka yi wa kutse. Fayil ɗin da za su ba ka shi ne cutar. Wasu ma cewa suke ka kwafi wani umarni ka manna a tagar Run ta Windows don gyara matsala. Rufe shafin, ka je chrome://settings/help ko Play Store da kanka ka duba.

Yaushe jinkiri ke da hujja?

In kana tsakiyar jarrabawa ta intanet, ko biyan kuɗi, ko taro, gama tukuna. Jinkirin awoyi ba komai ba ne.

In wurin aikinku yana da wata manhaja ta cikin gida da ke rikicewa duk lokacin da burauza ta sauya, akwai hanyar da aka yi domin haka. Firefox ESR tana tsayawa a fasali ɗaya kusan shekara guda, amma gyaran tsaro na ci gaba da zuwa mata. Kowa na iya sauke ta, kuma ita nake ba da shawara ga duk wanda sauye-sauyen fuska ke ɗaga wa hankali, musamman dattijon da ya haddace inda kowane maɓalli yake. Chrome da Edge suna da Extended Stable mai zagayen mako takwas, wanda ma'aikatan kwamfuta na ofis ke saitawa. In kuma shafin tsoho ne da ba ya aiki sai da Internet Explorer, wadda Microsoft ta yi wa ritaya a ranar 15 ga Yuni 2022, Edge tana da yanayin Internet Explorer (IE mode) a cikinta, kuma kamfanin ya ce zai riƙe shi aƙalla zuwa 2029. A buɗe wannan shafin kaɗai da shi, sauran yawo a yi da sabuwa.

Rashin son sabon zane ba hujja ba ce. Mako biyu ido zai saba. Rasa wani ƙari da kake so ya fi ciwo, kamar yadda masu Firefox suka gani a 2017 lokacin da siga ta 57 ta kashe tsofaffin ƙare-ƙare, da yadda masu Chrome suka gani da uBlock Origin. Amma toshe sabuntawa don ka riƙe mai toshe talla gudun gara ne a faɗa gidan zago. Koma burauzar da ke karɓar ƙarin naka kuma take samun gyara.

A ɗaya ɓangaren, kada son sabo ya kai ka ga sigogin Beta, Dev, Canary ko Nightly. Na masu gwaji ne, suna iya faɗuwa a kowane lokaci. Sigar gama-gari ta ishe ka.

In abu ya lalace bayan sabuntawa

Yakan faru. A watan Maris 2021 wata sabuntawar WebView ta sa Gmail da wasu manhajoji suka riƙa rufe kansu a wayoyin Android da yawa, kuma maganin da Google ta bayar shi ne wata sabuntawar da ta biyo baya cikin awoyi. Don haka fara da duba ko wani gyaran ya fito. In babu, danna Ctrl da Shift da R don shafin ya sauko sabo fil. Bai yi ba, buɗe shi a tagar sirri, inda ƙare-ƙare ke a kashe sai wanda ka ba izini. In ya yi aiki a can, kashe ƙare-ƙarenka ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin. In bidiyo ne ke baƙi ko allo ke rawa, nemi Hardware acceleration ko Graphics acceleration a saituna ka kashe, ka sake kunnawa. Firefox tana da Troubleshoot Mode a ƙarƙashin Help, da kuma Refresh Firefox a about:support, wanda ke wanke saituna ya bar maka alamomi da kalmomin sirri. Kafin abin ya daidaita, yi aikinka da burauzarka ta biyu.

Komawa tsohuwar siga kuwa, bar shi. Firefox tun daga siga ta 67 ba ta yarda tsohuwa ta buɗe bayanan da sabuwa ta riga ta taɓa, sai ta ce ka fara da fanko. Chrome ba ta ba talakan mai amfani wannan hanya ba. Shafukan da ke raba tsofaffin fayilolin girka manhaja, APK na Android da EXE na Windows, kuma ba ka da tabbacin abin da aka cusa a ciki.

In na'urar ce ta kai iyaka

Wani lokaci burauza za ta ce maka kana kan siga ta ƙarshe, alhali nufinta ta ƙarshe da na'urarka za ta iya ɗauka. Chrome da Edge sun tsaya a 109 ga Windows 7 da 8.1 a farkon 2023. Firefox ta bar waɗannan a kan ESR 115, wadda Mozilla ta yi ta ƙara wa wa'adi. Duba shafin tallafinsu ka ga inda aka kwana. Windows 10 ta daina samun tallafin gama-gari a ranar 14 ga Oktoba 2025, ko da yake manyan burauzoji ba su bar ta nan take ba. A waya, daga Chrome 139 a 2025 sai Android 10 zuwa sama. Mai Android 8 ko 9 ya nemi Firefox a Play Store, ta fi haƙuri da tsofaffin wayoyi, amma ya sani WebView ɗinsa ya tsaya cak, don haka ya riƙa kwafe mahaɗai yana buɗewa a Firefox maimakon cikin manhajoji.

Tsohuwar kwamfuta mai lafiyar jiki tana iya barin Windows ta koma wani tsarin, kamar Linux Mint, ko ChromeOS Flex na Google, wanda ke buƙatar na'ura mai 64-bit da RAM 4GB. Dukansu ana iya gwada su daga filashi kafin a girka. Girka ChromeOS Flex yana share duk abin da ke cikin kwamfutar, don haka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri kafin ka fara. In babu halin ko ɗaya, raba ayyukan: tsohuwar na'ura ta tsaya ga karatu da kallo, a cire kalmomin sirrin da aka adana a cikinta, a fitar da asusun Google ko na Mozilla daga burauzarta, sannan banki da imel su koma kan wadda har yanzu take samun gyara.